MAULUDIN KAKA A ƘASAR WASU: Yadda 'Yar Gummi Ta Yi Biki Babu Muryar Inna

 Tun da na fara rubutu a nan, in ka cire na soyayya, saƙonnin da suka fi zuwa mini su ne na masu burin fita waje karatu. Wannan ta ce ita Masar take so, waccan ta ce Indiya, wata ma cewa ta yi ita ko ina ne in dai za a hau jirgi. To madalla, Allah Ya cika wa kowa burinta na alheri. Sai dai duk cikinku babu wadda ta taɓa tambayata yadda ake yin ranar biki a can, wato ranar da kowa ke gidansu ana ta hidima, ke kuwa kina kwance a ɗakin ɗalibai kina ƙirga fankar silin. Shi ya sa yau na ajiye ƙagaggen labari gefe, na ɗauko muku wanda ya faru a gidanmu.

Wadda zan ba ku labarinta taubashiyata ce, 'yar kawuna, haifaffiyar garin Gummi. Ta yarda in rubuta amma da sharaɗin in sakaya sunanta, don haka mu kira ta mutuniyar. Tare muka tashi, tare muka gama sakandare, ni na tsaya nan na kama biro, ita kuwa da yake kanta na kimiyya ne sai ta ƙi tsayawa. Abin da ya cusa mata son aikin asibiti ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yankinmu. A shekarar 2010 ne aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, daga baya aka ga har Bagega abin ya kai. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci, yara masu rarrafe su kwasa. Yara aƙalla 400 suka rasu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta kafa wurin magani. Mahaifiyar mutuniyar, wadda duk gidan muke kira Inna, 'yar ƙasar Bukkuyum ce, kuma 'ya'yan ƙanwarta biyu na cikin waɗanda suka tafi. Lokacin ba mu wuce shekara goma ba, amma har yau ba ta manta zaman makokin nan ba.

A ƙarshen 2019 ta tafi Sudan karatun aikin jinya. Kada ku yi mamakin zaɓen Sudan, domin kafin yaƙi Hartum cike take da 'ya'yan Arewa, wasu gwamnatocin jihohi ne suka tura su, wasu kuma iyaye ne suka ɗaure ciki suka biya. Akwai Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1992, inda a lokacin ake ganin ɗalibai daga ƙasashe barkatai, akwai kuma Jami'ar Ahfad ta mata zalla a Umdurman, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a garin Rufa'a tun 1907. A wancan lokacin iyaye kan fi samun natsuwa da Sudan saboda ƙasar Musulmi ce, ana jin kiran salla, kuma shigar mata ta mutunci ce. Kawu gona guda da shanun noma biyu ya sayar kafin tafiyar ta yiwu, wannan kuma ku riƙe shi, zai yi mana amfani a gaba.

MAULUDI YA FAƊO A KAKA

Kun san shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, shi ya sa bukukuwanmu ke yawo cikin yanayi. Babbar Salla ta yi zamanta a kaka wajen 2012 zuwa 2015, sai ta gangara cikin damina. Daga nan Mauludi ya karɓe ta: 29 ga Oktoba a 2020, 19 ga Oktoba a 2021, 27 ga Satumba a 2023. Na san a cikin masu karatu akwai gidajen da ake yin Mauludi akwai waɗanda ba a yi, kuma ba wannan muhawara ta kawo ni ba, ta malamai ce. Mu dai gidanmu ana yi, kuma in ya haɗu da kaka to abin ba a cewa komai.

Wadda ba ta taɓa yin kaka a yammacin Zamfara ba ta yi haƙuri da ni in ɗan tsaya a nan. Ruwa ya ɗauke ko yana shirin ɗaukewa, gero ya shigo gida, dammuna a jere a tsakar gida ana jiran a ɗinke rumbu. Dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokaci, shinkafar fadamar gulbin Zamfara ta fara ja. Da yamma yara su dawo daga gona da zangarniyar sabon gero a gasa tumu, a murza a tafin hannu a hure, ƙanshin nan ya cika unguwa. Ga ɗanyar gyaɗa dafaffiya, ga rake, ga kabewa, ga furar sabon gero wadda ko nono bai ji ba sai kin ƙara. Inna ta toya hoce, ta kaɗa miyar sure, a kai gidan wance a karɓo na gidan wance, kwanuka su yi ta kai da kawowa har ki rasa wanne ne naku. Mu kuwa 'yan mata tun saura mako ake rigimar kitso da lalle da ɗinkin ankon Islamiyya, tela ya yi ta ɓuya. Daren sha biyu ga wata a kwana ana karatun Ishiriniya da tarihin Manzon Allah (SAW), gari na wayewa 'yan makaranta su fito zagaye da tutoci, tsofaffi na bakin ƙofa suna raba musu alewa da ruwan sanyi. Ga kuɗin amfanin gona a hannun maza, don haka fuskar kowane maigida a sake take. Wannan shi ne abin da mutuniyar ta baro.

Mauludinta na farko a can, na 2020, ta ce mini ko ƙofar hostal ba ta leƙa ba. Ta sayi data, ta kwanta, tun safe ƙanenta ke riƙe da waya yana zagayawa da ita cikin gida, a nuna mata tukunya, a nuna mata lallen ƙannenta, a miƙa wa wannan a miƙa wa waccan, ta yi dariya ta yi kuka har caji ya ƙare. Gangar jikinta ce kawai a Hartum. Da na tambaye ta yadda mutanen garin suka yi nasu bikin sai ta ce wallahi ba ta sani ba, ta dai ji ganguna daga nesa.

RANAR DA AKA ƊAUKE SABIS

Shekarar 2021 ba ta zo wa Zamfara da sauƙi ba. A Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe su 279, a ranar 1 ga Satumba aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Sai gwamnati ta rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, sannan a ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a jihar baki ɗaya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Da farko mako biyu aka ce. A farkon Oktoba aka buɗe wa Gusau ita kaɗai, amma su Anka da Gummi da Bukkuyum shiru kake ji, sai ƙarshen Nuwamba.

Ku kwatanta da kanku. Yarinya tana wata ƙasa, kullum in ta buɗe waya labarin da take gani na jiharsu shi ne an kai hari, an kashe, an sace, ta buga lambar Baba a ce a kashe take, ta buga ta ƙanenta haka, ta buga ta maƙwabta haka. Ni a lokacin ina zaune gidan yayata a cikin garin Sakkwato inda sabis bai ɗauke ba, don haka ni ce na zama gadar. Wata rana sai ta kira ni sau bakwai, tambayar guda ce, “Kin ji wani abu daga gida?” In ce ban ji ba, ta ce in rantse. Taubashiyar da ba ma minti biyu ba mu tsokani juna ba, sai ga shi na kasa ce mata ko baiwata.

Dabarar da muka yi ba mu muka ƙirƙiro ta ba, kowa haka ya koma yi a lokacin, wato aka dawo zamanin wasiƙa, a rubuta a ba direban mota. Mu sai muka ɗan ƙara gishiri. Ta aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, in juye shi a memori, in naɗe a takarda in sa a ambulan, in kai tasha in ba wani direban motar Gummi da ya san Kawu. Can ƙanenta ya sa a waya a kunna wa mutanen gida, su ma su yi magana a naɗa, memorin ya sake biyo mota. In an yi sa'a mako guda, in hanya ta yi zafi direbobi suka ƙi fita, sai abin da Allah Ya yi. Kowa na gida yakan yi magana a ciki, Kawu ya yi doguwar addu'a, yara su yi ta ihu suna ƙwace waya. Mutum ɗaya ce ba a taɓa jin muryarta ba, Inna. Mutuniyar 'yar fari ce, kuma kun san alkunyar iyayenmu, Inna ba ta faɗin sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye a gaban mutane, balle a ce ta zauna gaban waya yara na kallo.

Can Sudan ɗin ma ba a kwance ake ba. Hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari, kuɗin da aka aiko miki yau in kika yi wasa jibi ya zama rabi. Tun tsakiyar Satumba masu zanga-zanga a gabashin ƙasar suka toshe tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan, alkama ta yi wuya, layin burodi ya yi tsawo. Ga zafi, domin Oktoba a Hartum ba irin tamu ba ce da ake fara jin sanyin asuba. Su damina suke kira harif, kwanakin da ke biyo bayanta na girbi kuma darat, kuma zafin darat ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Saura kwana biyar Mauludi ta aiko da wani saƙo da na daɗe ina juya shi kafin in sa a memori. Kuka take tana cewa ita ta gaji, a sayar da abin da za a sayar a aiko mata kuɗin jirgi, in mutuwa ce ta mutu tare da kowa, ba za ta iya zama tana karatun allura alhali ba ta san ko iyayenta na raye ba. Na so in goge, don na san gonar da aka sayar da shanun da aka rabu da su, na kuma san irin bakin da dangi suka yi wa Kawu cewa ya kai ɗiya mace uwa duniya. Amma amana ce, na aika.

FILIN HALIFA

Daren sha biyu ga wata tana kwance ta juya wa ɗaki baya, sai wata 'yar ajinsu 'yar ƙasar ta shigo ta yaye mata mayafi, ta ce yau kam ko a ɗauke ta sai ta je Umdurman. Su huɗu suka fita, da wata 'yar Kano da wata 'yar Maraɗi. Suka hau motar haya suka haye gadar Farin Nilu, kusa da inda ya haɗu da Shuɗin Nilu, suka ƙarasa da raksha, wato abin da muke kira Keke Napep.

A Sudan ba kwana ɗaya ake Mauludi ba, tun shigowar Rabi'ul Awwal ake kafa rumfuna har zuwa daren sha biyu, kuma babban wurin taron Umdurman shi ne Filin Halifa, dab da ƙubbar Mahadi mai kai kamar azurfa. Mahadin nan shi ne Muhammad Ahmad da ya ci Hartum a 1885 ya rasu a shekarar, Halifa kuwa magajinsa ne Abdullahi, wanda Turawan Ingila suka karya rundunarsa a Karari a 1898. Gidansa na nan gefen filin. Ta ce tun daga nesa za ki hango fitilu kore da ja an jera su kamar gidan biki. Kowace ɗariƙa da rumfarta da tutocinta, ga Ƙadiriyya ga Tijjaniyya da muka sani, ga kuma Sammaniyya da Hatmiyya da Burhaniyya da ba ta taɓa jin sunansu ba. Nan ana wa'azi, can ana karanta tarihin haihuwar Annabi (SAW), gaba kaɗan manyan ganguna da suke kira nuba na tashi, ga wasu bayin Allah da riguna kore masu faci-faci da carbi a wuya suna juyi cikin zikiri, hayaƙin turare ya rufe sama. Mata da laffaya kala-kala, hannuwa sun sha baƙin lalle, ƙanshin humra kuwa kamar a ɗakin amarya. A nan ta gane ashe dilka da halawa da humrar da ake yi wa amarenmu a gida, a wurinsu abin yau da kullum ne.

Abin da ya fi ɗaukar idonta shi ne rumfunan alewa. An jera ta hawa-hawa har sama da tsayin mutum: simsimiyya ta riɗi, fuliyya ta gyaɗa, da wasu masu launin ruwan hoda da fari. Ta ce da ta ɗanɗana simsimiyya sai ta yi tsaki ta ce wannan ai kantun riɗi ne aka sa masa suna mai daɗi. Sai kuma 'yar tsanar sukari da suke kira amaryar Mauludi, an yi mata ado da takardu masu ƙyalli kamar mafici a bayanta, yara maza kuma a saya musu doki na sukari da mahayinsa. Al'adar daga Masar ta gangaro, ana danganta ta da zamanin Fatimiyyawa, kuma a Masar saurayi kan kai wa budurwar da aka sa musu rana. 'Yar Kanon nan ta ce tunda na mutuniyar yana Anka babu sabis, bari ita ta tsaya masa, ta saya mata ƙarama guda.

Yunwa ta kai su bakin fili wurin masu abinci. Ga mai agashe yana juya nama a kan wuta, ya sha ƙuli da yaji, wanda duk Sudan ta san Hausawa ne suka kai shi, sunan ma in kin saurara da kyau “a gashe” ne. Kusa da shi wata tsohuwa na zaune da manyan robobi tana sayar da gyaɗa da wani kunun gero mai kauri. Mutuniyar ta juya tana yi wa 'yar Maraɗi magana da harshen gida, ta ce, “Ke wanga abu ai kamar na Inna shi ke.” Sai tsohuwar ta ajiye ludayi ta kafa mata ido, ta ce da Hausa garau, “Ɗiyata, ke mutunniyar Sakkwato ce?”

Ta ce gwiwoyinta sai da suka yi sanyi. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga Gummi take, ƙasar Zamfara. Tsohuwar ta ce ita a Mai Wurno aka haife ta, ba ta taɓa taka Nijeriya ba, amma kakanta daga ƙasar Sakkwato ya fito da ƙafa. Ga waɗanda ba su sani ba, Mai Wurno gari ne a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a Yulin shekarar, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, garin ya ɗauki sunansa. Ban da su akwai dubban maniyyata da suka bi hanyar Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare suka tsaya noma, ko suka sauke farali suka kasa ƙarasowa gida. Jikokinsu ne cike da Gadarif da Kasala da Damazin da unguwannin Hartum. Hausar tsohuwar irin ta kakanninmu ce, da “munka” da “sunka”, ta cakuɗa da Larabci.

Ta jawo mata kujera 'yar tsugunno, ta cika mata kofi ta ƙi karɓar kuɗi. Ta tambaye ta gero ya yi kyau bana a gida? A nan ne fa mutuniyar ta fashe da kuka a tsakiyar mutane, ta ce ba ta sani ba, kwana arba'in da biyar ke nan ba ta yi magana da gida baki da baki ba. Tsohuwar ba ta rarrashe ta ba, ta bar ta ta yi mai isarta tana ta sallamar masu saye. Da ta lafa sai ta ce mata, kakanta da ya baro gida shekara bakwai ya yi a hanya, kuma har ya mutu bai sake jin labarin uwarsa ba, ko na rai ko na mutuwa, “ke kuwa naki saƙo yana cikin mota, yana tahe.” Ta ƙulle mata gyaɗa a leda, ta kwatanta mata inda take zama ran Juma'a. Sai wajen sha ɗaya na dare suka koma hostal, da 'yar tsanar sukari a hannu, ƙafa duk ƙura.

A nan bari in tsakuro muku wani abu, ku masu shirin tafiya. Ba na goyon bayan yarinya ta fita taron dare ita kaɗai a garin da ba ta sani ba, ko da na addini ne. Su huɗu suka tafi, da 'yar gari a cikinsu, kuma sun sanar da mai kula da hostal. Sannan duk wadda za ta tafi ta rubuta lambobin 'yan uwa na wasu jihohi a takarda, kada ta dogara da layin gida ɗaya. Daddawa da yaji ki ƙulla, amma in Sudan ce kada ki wahalar da kanki da kuɓewa busasshiya da zoɓo da tsamiya da kuka, duk suna da su, sunan ne kawai daban.

Na san wasunku tun ɗazu suke jiran labarin na Anka. To malamin makaranta ne, kuma da yake an rufe makarantu zaman gida yake. Da ya ji an buɗe sabis a Gusau sai ya shiga mota ya bi ta Mayanchi, hanyar da a lokacin mutane ke shiga da salati su fita da hamdala, don kawai ya kira ta washegarin Mauludi. Ta ce minti huɗu suka yi, uku a ciki gaisuwa ce, ina gajiya, ya karatu, ya zafi, ya haƙuri da mu, sai kati ya ƙare. Ni dai na faɗa masa ido da ido cewa wannan ganganci ne, ita kuwa har yau in an tayar da zancen sai ta rufe fuska da mayafi.

SAƘON INNA

Ranar Lahadi 24 ga Oktoba da la'asar direba ya kira ni in zo tasha. Na karɓo ambulan, na dawo gida na sa memori. Saƙo ɗaya ne tak a ciki, kuma da na kunna sai na ji babu hayaniyar yara, sai kukan kaji da sautin daka daga nesa. Ashe Inna ce ta kori kowa, ta sa ƙanen ya danna mata ya fita. Da ni take magana, ba da 'yarta ba:

“To, ki ce ma waccan muna nan lahiya lau. Babanta lahiya, yara lahiya. Gero ya yi kyau bana, mun yanke na gonar bayan gari, ta daji ce ba mu samu zuwa ba, an bar ma Allah. An yi Mauludi, na aje mata hocenta har ya bushe yara sunka cinye. Na ji tana hwaɗin za ta aje karatu ta dawo. Ki tambaye ta, in ta dawo mi za ta yi muna? Bindiga gare ta? Mu da munka ga abin da dalma tay yi ma ɗiyan ƙanwata, babu mai ko sa musu ruwa sai baƙi. Ta zamna inda Allah Ya aje ta.”

Daga nan ta yi shiru mai tsawo, har na zaci saƙon ya ƙare ne an manta ba a kashe ba. Can sai na ji ta sassauta murya kamar mai tsoron bango ya ji, ta ce, “Ɗiyata, ki riƙa cin abinci.”

Ban tsaya komai ba na tura mata a daren. Na ga alamar ya shiga, na ga ta buɗe. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Washegari Litinin 25 ga wata da asuba sojoji ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya, aka tsare Firaminista Abdalla Hamdok, aka kashe intanet a Sudan. Tirƙashi! Nan babu sabis, can babu, ni da nake gada na zauna a tsakiya babu bakin kogi ko ɗaya. Sai 18 ga Nuwamba intanet ɗinsu ya dawo. Ta ce kwanakin nan 24 suna kulle a hostal suna jin harbi da hayaƙin taya, saƙon nan take kunnawa safe da dare, har 'yan ɗakinsu suka haddace shi, 'yar Maraɗi in ta ga ta ture kwano sai ta ce mata, “Ɗiyata, ki riƙa cin abinci.” Maganar kuɗin jirgi kuwa ba ta sake tayar da ita ba.

Mauludin 2022 ita ce ta ja sababbin ɗalibai zuwa Filin Halifa, kuma kusan duk Juma'ar da ta samu sarari tana wurin tsohuwar nan, wadda ta koma kira Kaka. Sai ga 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF a tsakiyar Hartum. A ƙarƙashin gado suka yi ƙaramar Salla. Aka fara kwashe ɗaliban Nijeriya a motocin safa, wasu ta iyakar Masar, inda rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, wasu ta Fot Sudan, ita tana cikin waɗannan. Jaka ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka. Littattafanta da akwatinta da 'yar tsanar sukarin da ta adana shekara ɗaya da rabi a cikin kwali duk can ta baro su, kuma ba ta samu ta yi sallama da Kaka ba. Lambar da take da ita ta jikar tsohuwar ce, tun watan Mayun nan ba ta sake shiga ba. Karatun dai a nan gida ta ƙarasa shi, yanzu haka tana aiki.

Mauludin 2023 a Gummi muka yi shi tare. Ana ta gasa tumu a tsakar gida, ga hoce ga miyar sure, abin da ta shekara uku tana mafarki, amma sai na ga ta shiga kicin ta soya riɗi ta narka sukari, ta yanka shi murabba'i irin na Umdurman, ta zuba a faranti tana bin yara da shi tana cewa sunansa simsimiyya. Da daddare da aka fara karatu a masallacin unguwa ta ce mini ita fa kunnenta gangunan nuba yake nema. Na ce to baiwata, can kina kukan nan, nan kina kukan can, sai a raba ki biyu. Don in ƙara tsokana na ɗauko wayata na kunna saƙon nan a gaban kowa. Muryar na fitowa Inna ta saki muciya, ta ja zane ta rufe kai ta shige ɗaki da sauri tana cewa, “Ku kashe abin ga, ba ni ce ba.”